Yayana Yana Son Babban Inji, Maiɗakina Tana Son Ƙarami

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a Yamai, ɗan asalin Tawa, ina zaune a Talaje da maiɗakina da yara uku. Shekara huɗu ina tara kuɗin mota, yanzu ina da miliyan 7 na sefa, a ciki har da miliyan ɗaya da maiɗakina ta kwaso a adashi ta ba ni. Na samu motoci biyu na hannu wajen dillali ɗaya, samfurinsu ɗaya, duka masu turbo, duka na isansi. Ɗaya injinta lita 1.4 ne, kuɗinta miliyan 7 da rabi. Ɗayar lita 2.0, miliyan 9. Yayana da ke kasuwanci a Tawa ya ce zai cika mini miliyan 2, amma babbar yake so in saya. Wai ƙaramin inji wasan yara ne, ba zai jure hanyar Ƙonni ba, kuma wani abokinsa ya sayi mai ƙaramin turbo, bai yi wata takwas ba turbon ya mutu. Maiɗakina kuwa cewa take babbar za ta cinye mu da shan mai, ga kuɗin makarantar yara. Cikin gari nakan yi kamar kilomita 25 a rana. Sau ɗaya a wata nake zuwa Tawa saboda Inna ba ta da lafiya, wani lokaci in taho da ita asibiti, mota cike da mutane da buhunan hatsi. Yau kwana goma yayana bai kira ni ba, a gida ma hira ta ragu. Wace zan saya? Kuma yaya zan yi kada in ɓata wa ɗayansu rai?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya saka maka da alheri kan wannan zirga-zirgar da kake yi dominta. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne mutum biyun nan kowannensu ya zuba ko zai zuba kuɗinsa a motar da ba sunansa za a rubuta a takardarta ba. Wanda ya yi haka yana da bakin magana. Yayanka Inna yake hangowa a kujerar baya, rana tsaka, mota ta tsaya tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni. Maiɗakinka kuwa ƙarshen wata take hangowa, domin ita ce ta san ranar da shinkafa ke ƙarewa. Duka tsoron biyu na gaskiya ne. Sai dai kowannensu ya ɗora tsoronsa a kan abin da bai kai girman da yake zato ba, kuma akwai abu na uku da babu wanda ya ambata a cikinku. Zan zo kansa, amma bari mu fara buɗe murfin injin.

Inji iska da mai yake haɗiya ya ƙona. Lita 1.4 ko 2.0 da ake faɗa, faɗin cikinsa ne, wato yawan iskar da silindojinsa ke iya ɗauka. Aikin turbo shi ne cusa masa iska fiye da wadda zai iya shaƙa da kansa. Hayaƙin da ke fita zuwa salansa ne ke juya wata ƴar fanka, ita kuma ta juya ƴar'uwarta da ke ɗaya gefen sandar da ta haɗa su, waccan ta matsa iska cikin inji. Iska ta ƙaru, mai ya ƙaru, ƙarfi ya ƙaru. Dabarar tsohuwa ce, wani injiniya ɗan Suwizalan mai suna Alfred Büchi ya yi mata rajista tun 1905, kuma manyan motocin gazuwal sun daɗe da ita. Abin da ya sa ta cika ƙananan motoci yanzu shi ne dokokin rage hayaƙi na Turai, waɗanda suka matsa wa kamfanoni su ƙanƙanta inji su ɗaura masa turbo. A 2012 kamfanin Ford ya fito da inji mai lita ɗaya tak, silinda uku, yana ba da ƙarfin doki 125. Don haka maganar wasan yara ba ta taso ba. Ɗauki Volkswagen Tiguan na 2016 a matsayin misali, tunda shi ma ana samunsa da irin injinan nan biyu: mai 1.4 doki 150 ne, mai 2.0 doki 180. Doki 150 ya fi abin da motoci da yawa masu lita biyu marasa turbo suke bayarwa shekara ashirin da suka wuce, kuma da irinsu iyayenmu suka yi ta zuwa Agadas.

To ina bambancin yake? Yana wajen yadda kowannensu ke samo ƙarfin. Ƙaramin inji, in kana tafe a hankali daga Talaje zuwa wurin aiki, kana tsayawa a danja kana tashi, turbonsa bai cika wahala ba, kuma mai kaɗan yake sha domin cikinsa ƙarami ne. A nan maiɗakinka ta yi gaskiya ɗari bisa ɗari. Amma ka ɗora masa mutum biyar da buhu biyu, ka kunna kilim, ka hau kwalta a watan Afrilu da zafi ya haura digiri 40, sannan ka zo wuce babbar motar albasar Galmi ga wata na tahowa daga nesa. Nan dole ka danne totur, turbo ya kama aiki gadan-gadan, kuma ya daɗe yana yi. Cikin silinda ya yi zafi, sai kwamfutar injin ta shiga ƙara zuba mai fiye da wanda zai ƙone, don ta sanyaya shi ta kare turbon. Tsimin da aka sayi motar dominsa a irin wannan wuri yake narkewa. Babban injin kuwa wannan kayan bai kai shi bango ba, yana tafe da sauran numfashi. A misalin Tiguan ɗin nan, ƙarfin jan ƙaramin 250 ne a ma'aunin da ake kira Nm, na babban 320, kuma wannan ratar ce direba ke ji a ƙafarsa sa'ad da ya fita wuce doguwar tirela ko yake hawan tudun Badagishiri da kaya. Kada ma ka dogara da adadin shan man da ke cikin takardar kamfani. Su kansu Turawa a 2017 sun sauya tsarin gwajin da suke fitar da adadin, saboda na da ya yi nisa da abin da mutane ke gani a hanya.

Yanzu ka ɗauko biro mu yi lissafin tafiyarka, domin ina zaton kai ma ba ka taɓa yi ba. Kilomita 25 a rana, kwana 26 a wata, ya ba ka 650. Yamai zuwa Tawa ta Dosso da Dogon Dutsi da Ƙonni da Tsarnawa kusan kilomita 550 ne, zuwa da dawowa 1,100. Ka gani? Kai kana ɗaukar kanka direban cikin gari mai zuwa gida jefi-jefi, alhali kusan kashi biyu cikin uku na tafiyar motarka a doguwar hanya za ta yi ta, da kaya, cikin zafi. Wannan ya karkata zuwa gefen yayanka. Batun shan mai kuma, mu yi ƙiyasi kawai, tunda kowace mota da halinta kowane direba da ƙafarsa. A ce babbar ta fi ƙaramar shan lita ɗaya da rabi a kowane kilomita 100 cikin gari, wato lita 10 a wata. A ce a hanya ratar ta ragu zuwa rabin lita, wato kamar lita 6. Lita 16 ke nan. A watan Yuli na 2024 an sauke litar isansi daga 540 zuwa 499, mu ɗauka 500 don sauƙin lissafi. Jaka 8 a wata. Kuɗi ne, ban raina su ba, suna sayen littattafan yaro. Amma ba su ne za su cinye gida ba. Ka ƙara da binyat da asuransi, waɗanda ake lissafawa da yawan dawakin da aka rubuta a takardar mota, ka tambayi nawa za a biya wa kowace kafin ka saya. Ka ƙara da baƙin mai, domin ƙaramin kusan lita huɗu yake ɗauka, babban ya haura biyar.

Sai maganar abokin yayanka da turbonsa ya mutu. Na yarda ya mutu, amma da wuya a ce ƙanƙantar inji ce ta kashe shi. Kwanakin baya na tsaya a wani garaji, na tarar makanike ya kwance turbo ya ajiye a kan kwali. Fankar da ke jan iska ba ta kai tafin hannun yaro ba. Ya miƙo mini ya ce in shafa bakin fikafikanta, na ji sun cinye sun yi kaushi kamar bakin tsohuwar wuƙa. Ya kama sandar da yatsa biyu ya girgiza, tana lilo. Sannan ya ɗaga filtar iskar motar ya saita ta da rana, sai ga haske yana ɓullowa ta ƴan ƙananan huji. An yi ta hure ta da iskar kwamfaresa ana mayarwa don a tsimi kuɗin sabuwa, har ta yage, ƙurar hunturu ta samu hanya. Abin da ke juyi sama da sau dubu 150 a minti ɗaya, ƙwayar rairayi a wajensa tsakuwa ce. Wannan motar kuwa babban inji gare ta.

Ƙura ɗaya ce daga cikin masu kashe turbo a ƙasarmu, ɗayan baƙin mai ne. Sandar nan a kan siririn man inji take yawo, ga hayaƙi mai zafin da ke iya kaiwa digiri 900 yana dukan gefenta ɗaya. In man na durom ne da ba a san asalinsa ba, ko ya tsufa a ciki, sai ya ƙone ya zama gawayi ya toshe ƴar bututun da ke kai shi. A Turai wasu motocin sukan yi har kilomita dubu 30 kafin bidanji, wato juyen baƙin mai, kuma motar hannu takan zo da wannan lissafin a kwamfutarta. Kada ka bi shi. A zafinmu da ƙurarmu, ni shawarata kada ka wuce dubu 5 zuwa dubu 7, da irin man da littafin motar ya ambata, a galan mai hatimi, da sabuwar filta kowane karo. In ka iso Tawa bayan doguwar tafiya, bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki a tsaye kafin ka kashe. Da safe kuma kada ka danne shi tun bai ɗumama ba. Isansi ka sha a gidan mai. Man ƴan ruwa-ruwa na bakin hanya wani lokaci da ruwa ko datti a ciki, kuma injin turbo bai da haƙurin tsohuwar mota mai kafireto. Gaskiyar da ke cikin maganar yayanka ita ce ƙaramin inji da ke aiki kusa da iyakarsa ya fi saurin nuna sakaci. Babba yakan ɗan jure. Amma jurewar ta ɗan lokaci ce.

Ga abu na ukun da na ce babu wanda ya ambata. In ka karɓi miliyan 2 na yayanka ka sayi babbar, miliyan 9 ɗinka sun tafi kaf, ka shiga mota aljihu wayam. Motar hannu kuwa ranar da ka saye ta ranar take fara tambaya: juyen mai, filtoci, buji, ruwan lagireto, wataƙila tayoyi huɗu domin waɗanda ta zo da su sun sha sanyin wata ƙasa sun tsufa, ga takardu. Mutumin da bai bar komai a hannu ba shi ne zai ce bari bidanjin ya ƙara wata ɗaya, shi ne zai sa a hure filta a mayar. Daga nan zuwa kwalin makaniken can ba nisa. In kuwa ƙaramar ka saya, kuɗin yayanka na ciki, miliyan ɗaya da rabi ya rage. Wannan ratar ta fi jaka 8 na mai nauyi nesa ba kusa ba, kuma ina kyautata zaton ita ce ainihin abin da ke damun maiɗakinka, ko da da sunan shan mai ta kira shi.

Don haka ga ra'ayina a fili. Hanyarka ta babban inji ce. In za ka iya samunsa ka kuma bar aƙalla jaka 600 zuwa 700 a gefe don gyaran farko da abin da ka iya tasowa, shi na fi so maka. Hakan na nufin ka zauna da dillali ku yi ciniki na gaske, ko ka nemi irinta wadda ta girme ta da shekara ɗaya, ko ka ƙara haƙurin wata biyu zuwa uku. In hakan bai samu ba, sayi ƙaramar da zuciya ɗaya, kada ka ji kamar ka sayi abin kunya. Za ta kai Inna Yamai ta mayar da ita. Sai dai ka san halinta: ka rage gudu, kilomita 90 zuwa 100 a awa ya isa, ka bar sammako ya yi maka aiki maimakon tafiyar azahar, buhunan hatsi masu yawa ka ba motar haya ta kawo, kuma kada ka fita wuce babbar mota sai ka ga fili sosai. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne babbar da aljihu babu komai.

Akwai kuma wata ƙofa da ba ka leƙa ba. Mota mai inji lita 2.0 ko 2.5 marar turbo, irin Toyota RAV4, ba ta da kuzarin mai turbo in an taka, kuma cikin gari ta fi ƙaramar can shan mai. Amma kusan kowane makanike daga Yamai har Tawa ya san cikinta, kayan gyaranta suna kusa. Ga mai ɗaukar marar lafiya a hanyar da garaji mai kwamfuta ke da nisa, wannan abin dubawa ne. Ka tambayi kuɗinta kafin ka yanke.

Kowace ka nufa, lafiyar ita wannan motar da ke gabanka ta fi girman injinta muhimmanci. Ka je da makanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba, ka biya shi kuɗin yininsa. Ku je da sassafe injin yana sanyi, ku tayar da shi da kanku, ku dubi salansa: shuɗin hayaƙi alamar mai ne ke ƙonewa. Ya cire bututun iskar da ke shiga turbo ya duba ko mai ya taru, ya taɓa sandar ya ji ko tana lilo. Ya buɗe murfin zuba mai ya leƙa ko akwai baƙin dasƙararren datti. A sa mata kwamfuta a karanta. Ka tambaya ko bel ne ke juya injin ko sarƙa, da yaushe aka sauya. Wasu ƙananan injinan Turai, irin 1.2 PureTech na Peugeot da 1.0 EcoBoost na Ford, bel ɗinsu a cikin mai yake wanka, kuma in aka zuba man da ba nasa ba yakan fara marmashewa ya toshe matatar famfon mai. Bayan haka ku cika motar da mutum huɗu, ku kunna kilim, ku hau hanyar Dosso ku yi kilomita 20, idonka a kan allurar zafi, kunnenka a kan kowane fito da ya yi kama da jiniya. Ku yi wa ɗayar haka a rana ɗaya. Gani ya kori ji. Dillalin da ya hana wannan gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Yayanka kuma, kada ka jira ya kira. Kai ne ƙarami, kai za ka kira, yau ɗin nan, ka gaishe shi ka tambayi jikin Inna, kada ka tayar da zancen mota. Zancen mota ka bar shi sai kun haɗu ido da ido a zuwanka na gaba. Ka fara da godiya, sannan ka ce masa: Yaya, na yi lissafi na ga gaskiyarka, hanyar nan ta fi son babban inji, amma in na saye ta a miliyan 9 ba ni da na mai da taya, kuma ina tsoron in tsaya da Inna a daji, me ka gani? Ka ga ka ba shi girmansa, ka kuma sa matsalar a hannunsa. Ɗan kasuwa ne, ya fi ni da kai sanin abin da ke samun wanda ya zuba jarinsa duka a kaya bai bar na cefane ba. Wataƙila ya ƙara wani abu, wataƙila ya ɗauki waya ya yi maka cinikin da kai ba za ka iya ba, wataƙila shi da bakinsa ya ce a ɗauki ƙaramar. Abu ɗaya kuma ka tabbatar cikin ladabi kafin kuɗin su shigo hannunka: kyauta ce ko rance, kuma in ƙaramar aka saya suna nan ko babu. Zumunci ya sha ɓaci a kan kuɗin da mai bayarwa ya ɗauka bashi ne, mai karɓa ya ɗauka kyauta ce. In ya ce sai babbar ko ya janye, ka yi masa godiya ba tare da fushi ba, ka ƙara tara jaka 500 da na gyara ka sayi wadda ƙarfinka ya kai.

Maiɗakinka kuwa ta cancanci ta ga takardar lissafin nan da idonta, tun kafin yayanka ya gan ta. Matar da ta kwashi adashinta ta miƙa maka ba baƙuwa ba ce a wannan ciniki. Bayan yara sun kwanta ka zauna da ita, ka nuna mata 650 da 1,100, ka nuna mata jaka 8, ka kuma gaya mata cewa tsoronta ne ya sa ka gano maganar barin kuɗi a gefe. Ku yanke tare nawa mota za ta riƙa ci a wata, mai da bidanji da ɗan abin ajiya, ku ware shi daban da kuɗin makaranta. In ta yarda, kuɗin gyaran nan a hannunta za su fi tsira. Kada kuma ka kai wa yayanka maganarta, ko ka kawo mata tasa. Duk wadda aka saya, ka ce kai ka zaɓa.

Ranar gwajin, ka ce wa makanike ya rubuta maka abin da ya gani a kowace mota da kuɗin gyaransa. Ka aiko mini da shi tare da shekarar kowace da kilomitan da ta yi, in sake duba maka kafin ka biya. Ka gaida Inna da jiki.